Mahbub ul Haq da Ma'aunin da Ya Ƙirƙira Don Auna Rayuwar Mutane

Shekarun baya na taɓa yin aikin tattara bayanai gida-gida a wani bincike kan yanayin rayuwar magidanta, irin aikin nan na 'yan makonni da ake ɗaukar matasa, a damƙa musu takardun tambayoyi, a rarraba musu ƙauyuka. A wani zaure na iske wani dattijo zaune a kan buzu, ga allo jingine da bango, ga tawada da alƙalamin kara a gefensa. Bayan mun gaisa na fara bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har na iso kan ta ilimi, na ce, "Baba, aji nawa aka yi a makaranta?" Ya ce shi bai taɓa shiga aji ba, ni kuma na rubuta sifili a gurbin da aka tanada. Kafin in tashi sai wani maƙwabcinsa ya shigo neman a duba masa wani bashi, dattijon ya jawo wani tsohon littafi daga gafaka, ya buɗe shafi cike da rubutun ajami, ya karanto masa yawan tiyoyin geron da ya ranta da ranar da ya karɓa. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Yaro, me ka rubuta mini a takardar taka?" Na gaya masa gaskiya. Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Tun daga ranar nake son sanin su wane ne suke yanke hukunci a kan abin da za a ƙirga da abin da za a bari idan ana son a ce rayuwar wata al'umma ta yi kyau ko ta lalace. Wannan tambaya ce ta kai ni ga tarihin Mahbub ul Haq, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Pakistan, wanda ya jagoranci ƙirƙiro ma'aunin ci gaban ɗan'adam da Majalisar Ɗinkin Duniya take fitarwa tun 1990.

An haife shi a 1934, lokacin da Indiya take ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma yana ɗan shekara goma sha uku aka raba ƙasar gida biyu a 1947, iyalinsu suka yi ƙaura zuwa Pakistan a cikin rikicin da ya ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane. Ya yi digirinsa na farko a Kwalejin Gwamnati ta Lahor, ya wuce Jami'ar Kambirij a Ingila a 1953, daga bisani ya yi digirin digirgir a Jami'ar Yale ta Amurka. A Kambirij ya haɗu da wani matashi ɗan Indiya mai suna Amartya Sen, suka ƙulla abotar da ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa, abotar da rabinta muhawara ce.

Da ya koma gida ya kama aiki a hukumar tsare-tsaren ƙasa, inda ya kai matsayin babban masanin tattalin arzikinta a zamanin mulkin Ayub Khan. A wancan lokaci Haq cikakken mabiyin koyarwar zamaninsa ne, wato a fara haɓaka dukiya tukuna, rabo ya biyo baya. A wani littafi da ya wallafa a 1963 ya faɗi ƙarara cewa bunƙasar tattalin arziki hanya ce mai zafi wadda ba ta da yanke, kuma asalinta shi ne a sa ma'aikaci ya samar da fiye da abin da aka bar shi ya ci, a riƙa zuba rarar a cikin jari. Ma'anar wannan a aikace ita ce a kawar da kai daga taruwar dukiya a hannun 'yan tsiraru, bisa zaton cewa su ne masu iya adanawa su gina masana'antu, kuma idan tulu ya cika zai tumbatsa ya jiƙa na ƙasa. A takarda tsarin ya yi aiki. Tattalin arzikin Pakistan ya riƙa ƙaruwa da kimanin kashi 6 cikin ɗari a shekara, masana daga ƙasashen waje suna zuwa suna yabawa, suna nuna ƙasar a matsayin abin koyi ga sauran ƙasashe masu tasowa.

A 1968, yayin da gwamnati take shagalin cika shekara goma da ta yi wa laƙabi da shekarun ci gaba, Haq ya tashi a wani taro a Karachi ya bayyana cewa iyalai ashirin da biyu kacal ne suke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kadarorin masana'antun ƙasar, tare da mafi yawan bankuna da kamfanonin inshora. Abin lura shi ne mai maganar ba ɗan adawa ba ne, ba kuma shugaban ƙungiyar ƙwadago ba ne. Mutum ne da hannunsa yake cikin rubuta tsare-tsaren da suka haifar da wannan yanayi, kuma yana kan kujerarsa lokacin da ya yi furucin. Kalmar "iyalai ashirin da biyu" ta shiga bakin jama'a, ta zama take a zanga-zangar da ta mamaye biranen ƙasar a ƙarshen shekarar, har Ayub Khan ya sauka daga mulki a watan Maris na 1969. Ba zan ce jawabin ne ya kayar da gwamnati ba, domin fushin ya daɗe yana taruwa, amma ya ba mutane lambar da za su riƙe su bayyana kashin dankalin da suke ji a jikinsu. Bayan shekara biyu kuma yankin gabashin ƙasar, wanda ya daɗe yana kukan cewa arzikin da ake ta yabo a yammaci yake tarewa, ya ɓalle ya zama Bangladesh.

A ganina nan ne tushen duk abin da ya yi daga baya. Mutumin ya ga da idonsa yadda lamba za ta riƙa hawa sama alhali ƙasa tana tsagewa a ƙarƙashinta. Wani zai iya cewa ya yi amai ya lashe, amma ni na fi ganin ƙima a masanin da zai fito a bainar jama'a ya ce abin da na koyar jiya ya gaza, fiye da wanda zai mutu yana kare kuskurensa. A farkon shekarun 1970 ya taƙaita sabon ra'ayinsa da cewa an koya musu su kula da GNP, wato jimillar arzikin da ƙasa take samarwa, domin shi zai magance talauci, to lokaci ya yi da za a juya maganar, a kula da talauci domin shi ya gyara GNP.

Yana da kyau a fayyace abin da wannan GNP yake nufi, tun da shi ne abokin gwagwarmayarsa. Shi ne jimillar darajar kayayyaki da ayyukan da 'yan ƙasa suka samar a shekara, a lissafe da kuɗi, kuma idan aka raba shi da yawan jama'a sai a sami abin da ake kira kuɗin shiga na kowane mutum. Ma'auni ne mai amfani ga abin da aka yi shi dominsa, sai dai ba ya gaya maka hannun wa kuɗin ya shiga, ba ya ganin aikin matar da ta wuni tana ɗiban ruwa da daka da reno tun da ba a biya ta ba, kuma a wurinsa kuɗin da aka kashe wajen sayen harsashi da wanda aka kashe wajen sayen allurar rigakafi duk ɗaya ne. Shi kansa Simon Kuznets, wanda ya aza harsashin wannan lissafi a Amurka, ya gargaɗi majalisar dokokin ƙasar a rahotonsa na 1934 cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga kuɗin shigarta. A shekarar da aka yi wannan gargaɗi aka haifi Haq, kuma sai da aka shafe fiye da shekara hamsin kafin a sami wani ma'auni da ya iya tsayawa kusa da GNP a idon 'yan siyasa.

Daga 1970 zuwa 1982 ya yi aiki a Bankin Duniya a matsayin daraktan tsara manufofi, a zamanin shugabancin Robert McNamara, yana cikin waɗanda suka tura bankin ya fara maganar talaucin ƙauye da biyan buƙatun yau da kullum, wato abinci da ruwan sha da lafiya da karatun firamare da matsuguni. Daga nan ya koma Pakistan ya shiga gwamnatin soja ta Janar Ziya ul Haq, ya riƙe ma'aikatar tsare-tsare, ya zama ministan kuɗi a 1985, ya sake riƙe muƙamin a 1988. Wannan babi ne da masu yabonsa suke son tsallakewa da sauri, ni kuwa ina ganin bai kamata a tsallake ba. Gwamnati ce da ta zo ta hanyar juyin mulki a 1977, aka rataye zaɓaɓɓen firaministan da ta hamɓarar a 1979, kuma a ƙarƙashinta kason soja a kasafin kuɗi ya rinjayi na ilimi da lafiya nesa ba kusa ba. Mutumin da zai zo ya koya wa duniya cewa ci gaba shi ne faɗaɗa zaɓin ɗan'adam ya yi shekaru yana hidima ga mulkin da ya taƙaita wa mutane zaɓin shugabansu. Mai yiwuwa ya yi zaton zai gyara daga ciki, kamar yadda masana da yawa suke zato idan soja ya kira su, amma Pakistan ta fita daga wannan zamani tana cikin ƙasashen da suke baya a karatun yara, musamman mata.

A 1989 shugaban hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, wato William Draper, ya ɗauke shi a matsayin mai ba da shawara na musamman, ya kuma amince a fitar da rahoto na shekara-shekara wanda marubutansa za su faɗi abin da suka gani ba tare da jiran amincewar gwamnatoci ba. Lokacin ya dace, domin shekarun 1980 sun kasance na tsuke bakin aljihu a Afirka da Kudancin Amurka, ana rage kuɗin makarantu da asibitoci da sunan daidaita tattalin arziki. Haq ya tara abokansa na tsawon shekaru, cikinsu har da Paul Streeten da Frances Stewart da Gustav Ranis da Meghnad Desai da Amartya Sen, aka ƙaddamar da rahoton farko a Landan a watan Mayu na 1990. Jimlar da aka buɗe babinsa na farko da ita tana cewa mutane su ne ainihin dukiyar ƙasa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin rahoton shi ne saɓanin da ya shiga tsakanin abokan biyu. Sen ya daɗe yana gina ra'ayin cewa a auna rayuwa da abin da mutum yake da ikon yi da ikon zama: ya rayu cikin lafiya, ya iya karatu, ya fita cikin jama'a ba tare da jin kunyar tufafinsa ba, ya sa baki a al'amuran garinsu. Saboda haka da Haq ya zo da shawarar a dunƙule wannan duka a lamba guda, Sen ya ƙi, yana ganin ɗanyen aiki ne a matse rayuwar ɗan'adam mai fuskoki barkatai a cikin adadi ɗaya. Kamar yadda Sen da kansa ya ba da labari daga baya, Haq bai musa cewa ɗanyen aiki ba ne. Cewa ya yi abin da ake buƙata shi ne ma'auni mai ɗanyantaka daidai da ta GNP, lamba ɗaya tak, amma wadda ba ta makance ga rayuwar jama'a kamar yadda GNP ya makance ba. Hujjarsa ita ce idan ka miƙa wa minista jadawali hamsin zai karɓa da girmamawa ya ajiye a aljihun tebur, kuma ranar da ya tashi yin jawabi GNP zai koma ya ɗauko domin shi ne mai sauƙin faɗa. Maganin biri karen Maguzawa. Wannan dabara ce ta mutumin da ya zauna a kujerar minista ya san abin da minista yake karantawa, kuma Sen ya yarda a ƙarshe, ya sa hannu wajen tsara lissafin.

Ma'aunin ya tsaya a kan ƙafa uku. Ta farko ita ce tsawon rai, wato shekarun da ake sa ran jaririn da aka haifa yau zai rayu, adadin da yake ɗauke da labarin abinci da ruwan sha da rigakafi da unguwarzoma a cikinsa. Ta biyu ilimi, wanda a rahoton farko aka auna da yawan manya masu iya karatu da rubutu. Ta uku kuɗin shiga, bayan an daidaita shi da abin da kuɗin zai iya saya a kowace ƙasa, kuma aka tsara lissafin ta yadda nauyin ƙarin kuɗi zai riƙa raguwa yayin da arziki yake ƙaruwa, domin naira dubu goma a hannun mai neman abincin dare ta fi dubu goma a hannun mai gidaje amfani. Kowace ƙafa ana mayar da ita adadi tsakanin sifili da ɗaya, a haɗa, a jera ƙasashe daga sama zuwa ƙasa.

Jerin shi ne makamin. Rahoton na 1990 ya nuna cewa Siri Lanka, mai kuɗin shiga dala 400 ga kowane mutum, ta kai tsawon rai na shekara 71 da masu iya karatu kashi 87 cikin ɗari, alhali Birazil mai dala 2,020 tana da shekara 65 da kashi 78, Saudiyya kuma mai dala 6,200 tana da shekara 64 da kimanin kashi 55. Duk wanda ya ga waɗannan layuka uku ba ya buƙatar digiri kafin ya gane cewa yawan kuɗi daban, abin da aka yi da kuɗin daban. Cikin ƙasashe 130 da aka jera a shekarar, Japan ce ta zo kan gaba, Nijar kuma ta zo ƙarshe, matsayin da ta sake komawa a shekaru da dama bayan haka. Babu shugaban da yake son a buga a jarida cewa maƙwabciyarsa da ta fi shi talauci ta fi shi raya jarirai, kuma wannan kunya ita Haq ya yi niyyar amfani da ita.

Suka kuwa ba ta yi jinkiri ba, kuma mafi yawanta tana da tushe. An tambayi dalilin ba ƙafafun uku nauyi ɗaya, aka nuna cewa matsakaicin adadi na ƙasa yana ɓoye bambancin birni da ƙauye da na maza da mata, aka kuma yi ƙorafin cewa babu 'yanci a cikin lissafin. A 1991 rahoton ya gwada jera ƙasashe bisa 'yancin ɗan'adam, gwamnatocin ƙasashe masu tasowa da yawa suka yi ca, aka jingine yunƙurin, wanda ya nuna iyakar 'yancin da aka ce an ba marubutan. A 1995 aka ƙara ma'aunai kan matsayin mata. A 2010, bayan rasuwarsa, aka sauya lissafin: aka maye gurbin iya karatu da matsakaicin shekarun da manya suka yi a makaranta da shekarun da ake sa ran yaro zai yi, aka kuma canza hanyar haɗawa ta yadda ƙarfin ƙafa ɗaya ba zai rufe raunin wata cikin sauƙi ba. Wannan gyara ya ƙara inganci ta fuskoki da yawa, amma dattijon nan na zaure, wanda tambayar iya karatu da rubutu za ta iya kamawa idan mai tambayar ya san aikinsa, a tambayar shekarun aji sifili yake komawa. Ba ina cewa ajami ya wadatar da yaro a duniyar yau ba, kuma ba na son a fake da wannan a ƙi gina makarantu. Abin da nake cewa shi ne kowace lamba da ta isa ofishin UNDP na New York ta fara ne daga wani zaure, inda wani matashi mai gaggawar cike takarda ya yanke hukunci a cikin daƙiƙa biyar.

Duk da haka, idan aka ba ni zaɓi tsakanin ma'aunin Haq da wanda ya zo ya tarar, ba zan yi dogon tunani ba, kuma Nijeriya ta ba mu misalin dalili. A watan Afrilu na 2014 aka sabunta shekarar da ake dogara da ita wajen lissafin tattalin arzikin ƙasar daga 1990 zuwa 2010, adadin ya tashi zuwa kimanin dala biliyan 510, aka wayi gari Nijeriya ta zarce Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. Lissafin daidai ne, domin ya shigo da sassa irin su sadarwa da fina-finai da tsohon lissafi bai kama da kyau ba, sai dai babu tukunyar da ta ƙara cika a daren. A watan Nuwamba na 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken talauci mai fuskoki da yawa, wanda yake bin hanyar da masana Sabina Alkire da James Foster suka tsara, aka kuma shigar da ita rahoton ci gaban ɗan'adam a 2010. Binciken ya duba abubuwa irin su abinci da zuwan yara makaranta da ruwan sha da makamashin girki, ya gano mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin wannan talauci, daga kashi 27 a Ondo zuwa kashi 91 a Sakkwato. Wannan bincike jikan aikin Haq ne, kuma ya yi abin da jawabin Karachi ya yi, ya nuna inda nauyin ya kwanta.

A shekarunsa na ƙarshe a UNDP ya karkata ga batun da ya san zafinsa daga gida, wato kuɗin makamai. Rahoton 1994 ya kawo ra'ayin tsaron ɗan'adam, yana cewa tsaro ya haɗa da aminci daga yunwa da cuta da rashin aiki da danniya, ba kare iyakar ƙasa kaɗai ba. Ya kuma tallata shawarar cewa ƙasashe masu tasowa su ware kashi 20 cikin ɗari na kasafinsu, masu ba da agaji su ma su ware kashi 20 na tallafinsu, ga ayyukan jin daɗin jama'a na tushe, shawarar da taron ƙolin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ci gaban al'umma, wanda aka yi a Kopenhagen a 1995, ya karɓa. Bayan haka ya koma Islamabad, shi da matarsa Khadija Haq, wadda ita ma masaniyar tattalin arziki ce, suka kafa cibiyar nazarin ci gaban ɗan'adam, suka fara fitar da rahoto kan Kudancin Asiya a 1997, inda ya riƙa kwatanta abin da Indiya da Pakistan suke kashewa a kan soja da yawan yaransu da ba sa zuwa makaranta. A watan Mayu na 1998 ƙasashen biyu suka yi gwajin makaman nukiliya, ɗaya bayan ɗaya, cikin makonni uku. Haq ya rasu a New York ranar 16 ga Yuli na shekarar, yana da shekara 64, kuma bayan wata uku aka sanar da cewa abokinsa Amartya Sen ne ya ci kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki.